Wane suna za mu ba macijin nan mai kaɗa wutsiya?

Mai fassara: Jama'a, salamu alaikum. An ba ni aikin fassara wani ɗan gargaɗi ga masu tattaki a kwazazzaban hamadar Arizona, can kudu maso yammacin Amurka, kalma ɗaya kuwa ta gagare ni: rattlesnake. Macijin nan ne mai wani abu a ƙarshen wutsiya, wanda yake kaɗawa idan an matso kusa da shi. Babu shi a Afirka. Daga kudancin Kanada zuwa Ajantina ake samunsa, jihar Arizona kaɗai tana da iri 13. Wurin da yake zaune bai ba ni wuya ba, muna da kwazazzabo. Tafiyar ƙafar ma tattaki ya wadatar. Macijin ne dai. Na rubuta "macijin ƙararrawa", na goge. Me kuka gani?

Wani daga Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, don me ka goge? Mu nan Nijar a lakwal muka san shi da sunansa na Faransanci, serpent à sonnette, ma'anarsa ke nan, maciji mai ƙararrawa. Larabawa ma da ƙararrawa suka sa masa suna. Mutanen Meziko da suke zaune tare da shi cascabel suke cewa, wato 'yar ƙaramar ƙararrawa. Harsuna uku sun bi hanya ɗaya, mu me zai sa mu ratse?

Mazaunin Tucson: Yayana na Damagaram, ka yi haƙuri, ni na ji kukan abin da kunnena a kwazazzabon Sabino Canyon, nan gefen garinmu a jihar Arizona, kuma babu abin da ya haɗa shi da ƙararrawa. Busasshiyar ƙara ce mai sauri, tssssss, ba yankewa. Baƙo yakan ɗauka wani ƙwaro ne a cikin ciyawa, ya ci gaba da tafiya abinsa. To ka duba halin da mai tattaki yake ciki: hanya siririya, dutse a dama, gangare a hagu, macijin ya yi gammo a inuwar wani falalen dutse, launinsa ya saje da ƙasa. Kusan kullum kunne ne yake fara sanin yana wurin, ido ya biyo baya. Daga Maris zuwa Oktoba suke yawo, idan zafi ya tsananta kuma sai su koma fitowa da asuba da almuru, daidai lokacin da mutane suke fita don gudun rana. Idan ka gaya wa Bahaushe ƙararrawa, ƙilin-ƙilin zai tsaya saurare. Takardar gargaɗi ce Malam yake rubutawa, sunan da zai sa ya kamata ya koya wa kunne abin da zai ji.

Wani dattijo daga Zariya: Yara, kun tafi nesa. Ba a ƙirƙirar suna alhali akwai na gida. Wannan maciji dangin kasa ne da kububuwa: kai mai faɗi, jiki mai kauri, kwanton ɓauna, dafi mai lalata jini da tsoka. A ce masa kasar Amurka a huta.

Mai fassara: Baba, Allah ya ƙara girma. Matsalar ita ce rabin mutanenmu ba sa sa wa ƙ lanƙwasa a waya. Ranar da na rubuta "kasar Amurka ta sari mutum", sai an ɗauka labarin siyasa ne.

Dattijon Zariya: Ja'iri. To kububuwar Amurka.

Ma'aikaciyar jinya daga Gombe: Baba, a gafarce ni, zan sa baki a nan, don mu ne muke ganin aikin kububuwa. Duk wanda ya san Kaltungo ya san dalilin da ya sa aka yi asibitin saran maciji a can, ya kuma san dalilin da ake ce mata gobe-da-nisa. Gaskiya ne akwai kama. Ita ma kububuwa tana gargaɗi da ƙara, sai dai da jikinta take yi: takan naɗe ta riƙa goga ɓawon fatarta da juna, ka ji wani sauti kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Amma na Amurka yana da abin da ita ba ta da shi, wasu 'yan ramuka biyu tsakanin ido da hanci waɗanda yake jin ɗumin jikin ɓera da su ko a cikin duhu. Macizai masu irin wannan rami a Asiya da nahiyar Amurka suke, babu su a Afirka. Allurar kashe dafinsu ma daban ce. Ni ba na son a haɗa sunan macizai biyu da maganinsu bai zo ɗaya ba. A wajenmu suna shi ne abu na farko da muke tambayar wanda aka kawo.

Sannan, Malam mai fassara, tunda gargaɗi kake rubutawa: a Amurka macizai masu dafi suna saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, waɗanda suke mutuwa kuwa wajen 5 ne, saboda ana isa asibiti da wuri. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, ba a sa ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a nemi asibiti. Mutanenmu da tsaga da ɗauri suka saba.

Malamin kimiyya daga Katsina: Anti ta gama magana a kan kububuwa. Saura mu dubi wutsiyar kanta, mu ga wane kayan kiɗa ta fi kama da shi. Abin da aka yi ta da shi shi ne abin da aka yi farcenmu da shi. Gaɓoɓi ne busassu, fanko, kowace ta saƙale a cikin ta gabanta amma da ɗan sako-sako. Duk lokacin da macijin ya yi saɓa sai a sami ƙarin gaɓa ɗaya. Idan ya girgiza wutsiyar, sau 50 ko fiye a daƙiƙa guda, gaɓoɓin su riƙa bugun juna. Babu tsakuwa ko ƙwaya a ciki. Kuma masu cewa ana ƙirga gaɓoɓin a san shekarunsa sun yi kuskure, don yakan yi saɓa fiye da sau ɗaya a shekara, na ƙarshen kuma suna karyewa. Sunan da masana suka ba yawancinsu, Crotalus, daga wani abin kiɗa na Girkawa aka samo shi, mai ƙwas-ƙwas idan an buga. Saboda haka ni ƙoroso na zaɓa, irin wanda masu rawa suke ɗaurawa a ƙafa: abubuwa da yawa a jere, a jikin mai su, motsi ne yake sa su kuka. Maciji mai ƙoroso.

Mazaunin Tucson: Malam, bayaninka ya yi, amma ƙoroso kas-kas yake yi, yana bin takun ƙafa. Abin da na ji ya fi kusa da caki idan an kaɗa shi da sauri ba tsayawa.

Malamin kimiyya: Caki ai da tsakuwa a cikinsa. Za mu koya wa mutane kuskuren da na gama gyarawa yanzu.

Dattijon Zariya: Ɗana, suna ba darasin aji ba ne. Dokin Allah ba doki ba ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗaura masa sirdi. Tunda kun ƙi nawa, ku gwada naku a cikin magana, nan ake gane kalmar da za ta rayu. "Ya kaɗa caki." Ya zauna daram. "Na ji cakinsa kafin in gan shi." Ya zauna. "Ya kaɗa ƙoroso" fa? Ba a kaɗa ƙoroso, ɗaura shi ake yi a taka rawa. Kacau-kacau kuma ya yi tsawo, kuma na wasan jarirai ne, ba zai tsorata kowa ba. Ku ce maciji mai caki, da an saba a gajarta shi zuwa mai-caki, jam'i masu-caki.

Wani daga Damagaram: Mu ma mun san caki, ba na ja. Amma ina da tambaya. Na ji an ce akwai wani iri a tsibirin Santa Catalina na Meziko wanda ba shi da abin kaɗawar sam. Shi ma mai-caki ne?

Malamin kimiyya: Akwai shi, gaɓar takan faɗi duk lokacin da ya yi saɓa. Turawa ma ba su sauya masa suna ba, sai mu ce mai-caki marar caki. Na sallama, Baba ya kayar da ni. Amma wannan tambaya ta tuna mini abin da ya fi muhimmanci. Ko masu cakin ba kullum suke kaɗawa ba. Jariri da ɗan maɓalli ɗaya ake haifarsa, ba ya ƙara, dafinsa kuwa yana nan. Babba ma yakan yi lamo ya bar mutum ya wuce, ko ya kai sara ba sanarwa idan an taka shi. Kada sunan ya sa mutum ya ɗauka shiru alamar lafiya ce.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na gwada shi a kan ire-iren kuma ya karɓa: mai-caki ruwan hoda na Grand Canyon, wanda launinsa ya saje da jajayen duwatsun wurin, mai-cakin Mojave, wanda dafinsa yake taɓa jijiyoyi, mai-caki mai tafiyar kaikaice, na cikin rairayi. Ga yadda sakin layin ya fito:

"Idan ka ji caki, tsaya cik. Gano inda ƙarar take fitowa kafin ka motsa, sannan ka ja da baya a hankali, ka ba shi hanya. Mai-caki yakan kai sara nisan kusan rabin tsawonsa. Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, ko ƙarƙashin dutse ko bayan kututture. Ba kowane mai-caki ne yake kaɗawa ba."

Ma'aikaciyar jinya: Ƙara layi ɗaya, Malam: ko matacce ne kada a taɓa shi. Kan da aka yanke yana iya sara.

Mai fassara: Na ƙara, Anti.