Kwangilar "gina ka miƙa mabuɗi": shawarwarin masana a Maraɗi

A irin wannan kwangila, wadda ake kira EPC a taƙaice, kamfani ɗaya ke zana aiki, ya sayo kaya, ya gina, kan farashin da aka yanke. Inda masana suka fi daɗewa shi ne takardar buƙatu, wato inda mai ba da aiki ke rubuta abin da yake so: in ma'aikatar magajin gari ba ta rubuta yawan ruwan da magudana za ta kwashe ba, ɗan kwangila zai zaɓi yin magudanar da ta fi araha, kuma da gaskiyarsa. A auna ƙasa kafin kiran tayi, musamman gefen Gulbin Maraɗi inda damina ke zaizaye yashi, don kada kamfani ya lafta kuɗin kasada, wato ƙarin da yake yi don abin da bai sani ba. Biya ya bi matakin aiki. A riƙe kashi 5 cikin 100 har shekara guda bayan karɓar wucin gadi, wato karɓar farko da ake yi wa aiki in an gama. Injiniyan sa ido kuwa, gwamnati ta ɗauko nata.