Singil da kilif: me za mu kira su a rediyo?

Mai gabatar da shiri, Garwa:
Salamu alaikum, malamai. A shirye-shiryen gambarar zamani ana yawan cewa "singil ɗin ya hau na ɗaya, kilif ɗinsa ya fito". Dattawan da ke saurare ba sa gane ko ɗaya. Ina neman Hausarsu.

Mai haɗa sauti, Marwa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Mu fara sanin abin tukuna. Singil waƙa ce da aka saki ita kaɗai, ba cikin kundi ba. Sunan ya yi ƙarfi ne da ƙaramin faifan nan mai inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949: waƙar da ake tallatawa a fuska ɗaya, ta rakiya a bayanta. Ni dai "waƙa tilo" nake so.

Malamar Hausa, Ngaundare:
Ƙanena, ɗa tilo ba shi da wa, ba shi da ƙane. Ita kuwa wannan sau da yawa kundi na biye da ita, har ma tana cikinsa. A raba su biyu: wadda ke gaban kundi "waƙar share fage", wadda ba a saka ta a kowane kundi ba "waƙa tilo".

Mai haɗa sauti, Marwa:
Na yarda, Malama. Batun hawa na ɗaya kuma, "jadawalin mako" ya isa. Na Billboard Hot 100, jerin waƙoƙi 100 mafi tashe a Amurka, da aka fara a 1958, yana haɗa ciniki, sakawa a rediyo da sauraro ta intanet, daga Juma'a zuwa Alhamis. Yana cikin abin da ya sa ake sakin waƙa ranar Juma'a, don ta ci kwana 7 cif. Wanda ya saki tasa ranar Talata, kwana 3 kacal za a lissafa masa.

Mai ɗaukar bidiyo, Injamena:
Kilif mun ɗauko shi daga bakin masu Faransanci. "Bidiyon waƙa" kowa ya sani, kada a wahalar da kai. Kalmar da ta fi buƙatar gyara ita ce "mamin". A wurin ɗauka ba a rera komai sabo. Ana kunna waƙar a lasifika, mawaƙi na bin ta da baki. Ku ce "bin baki".

A nan aikin ke lalacewa. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, don haka a saita kyamara kan hoto 25 a daƙiƙa. In aka bar ta a 30, fitilu na iya riƙa ƙyaftawa a cikin hoton. Sautin a fitar da shi a kan 48,000, wato yawan samfurin sauti a daƙiƙa. In manhajar tacewa ta karanta na 44,100 a matsayin 48,000, waƙar za ta yi sauri, baki ya riƙa makara. A tafa hannu gaban kyamara kafin kowace ɗauka, mai tacewa ya sami inda zai daidaita. Mai son tafiyar hawainiya ya ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa, ya kunna waƙar da ninkin saurinta, sannan a mai da shi 25 wajen tacewa. Amshi yana jure wannan, amma baitin gambara mai cunkoson kalmomi harshe ba ya iya binsa.

Mai gabatar da shiri, Garwa:
Madalla. Na rubuta: waƙar share fage, waƙa tilo, jadawalin mako, bidiyon waƙa, bin baki. Saura "rimis", wato sake haɗa sautin waƙar da ta riga ta fito, Malama.