Kuɗin ɗumama gida a Ingila ya fi ƙarfina, ina neman shawara

Baƙuwa a Leeds:
Assalamu alaikum. Wannan ne sanyina na farko a Ingila, na zo karatu tare da yarana biyu, muna haya a wani tsohon gidan jan bulo. Da takardar kuɗin gas da lantarki ta watan Disamba ta iso, sai da na nemi wuri na zauna. Tun a Nuwamba na kashe boilar gas, wato na'urar da ke dafa ruwan da ke ɗumama gidan, na sayi ƙaramar hita ta lantarki ina kunnawa a falo, a zatona tattali nake yi, amma kuɗin bai sauka ba, ga baƙin fumfuna ya fara cin bangon ɗakin yara. Don Allah waɗanda suka daɗe a nan, a ina na kuskure?

Dattijo a Bradford:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, hitar nan ce ta cinye miki kuɗi, domin a ƙasar nan farashin yunit ɗaya na lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu. Ki mayar da boilarki bakin aiki, ki saita na'urar zafin da ke bango a kan digiri 18 ko 19, tunda 18 ne hukumomin lafiya ke cewa kada gida ya gaza, balle mai yara. Idan boilar irin wadda ba ta da tankin ruwan zafi ce, ki duba gabanta, akwai maɓallin da aka zana wa hoton radiyeta, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, shi ke saita zafin ruwan. Masu haɗawa sukan bar shi a sama, ki sauke shi zuwa wajen 60, gidan zai ɗan jinkirta ɗumi amma gas ɗin da za ta sha zai ragu. Ki sa ta riƙa tashi da asuba da kuma bayan la'asar, ɗakin da ba a kwana kuwa ki rage radiyetarsa, ki ja ƙofa.

Maman 'yan biyu, Manchester:
Baba ya gama magana a kan boila. Ni fumfunar ce ta dame ni, don na sha fama da ita saboda shanya wanki a kan radiyeta da tagogi a rufe. Ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci da safe da bayan girki, ki naɗe tsohon tawul ki toshe ƙasan ƙofar waje, ki saki labule da magariba. Sannan ki karanta mitarki ki aika wa kamfanin, wataƙila ƙiyasi kawai suka yi miki. Ki kuma nemi takardar EPC ta gidan, wato wadda ke ba gida daraja daga A zuwa G a kan tattalin makamashi, domin tun Afrilun 2020 doka ta hana bayar da hayar gidan da darajarsa ta gaza E, sai da wani uzuri da aka yi wa rajista.

Ɗalibi a Sheffield:
Yaya, ƙarina ɗaya ne. Kada sanyi ya sa ki kunna gawayi a kasko cikin ɗaki kamar yadda ake yi a gida lokacin hunturu. Gidajen nan a toshe suke, iskar gubar da gawayi ke fitarwa kuma ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Ki tabbatar akwai ƙararrawar gargaɗinta kusa da boila, haƙƙin mai gida ne ya saka.

Baƙuwa a Leeds:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba maɓallin, a kan 75 na same shi. Da na kunna boilar kuma, radiyetar ɗakin yara ƙasanta da zafi, samanta sanyi ƙalau. Ni zan gyara, ko mai gida zan kira?