Wanda ya karya dokar gwamnati, yana da zunubi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai. Dokokin da majalisa ke kafawa, irin su lasisin tuƙi, tsayawa a danja da harajin kasuwa, babu su a Alƙur'ani ko hadisi. Wanda ya karya su yana da zunubi, ko tsakaninsa da hukuma ne kawai? Wasu ma cewa suke bin su shirka ne.

Almajirin Zazzau: Wa alaikumus salam. Sai ka duba irin dokar tukuna. In ta tilasta abin da Allah ya haramta, ko ta hana farilla, babu biyayya, domin hadisi ya ce ɗa'a a cikin alheri take. Amma galibinsu a inda nassi (aya ko hadisi) ya yi shiru suke, nan ne Malikiyya ke aiki da maslaha mursala, wato amfanin jama'a da nassi bai yi umarni da shi ba kuma bai hana ba. Sharaɗinta kada ta saɓa wa nassi, amfaninta ya zama tabbatacce kuma na jama'a, ta kare addini, rai, hankali, zuriya ko dukiya. Danja rai take karewa, saboda haka tana ƙarƙashin aya ta 59 a Suratun Nisa'i mai umarni da yi wa shugabanni ɗa'a, wanda ya tsallake ta da gangan ya yi laifi. Hukuncinsa ta'aziri ne, shugaba ke ƙayyade shi, ba kamar haddi ba. Haraji ya fi wuyar sha'ani: manyan malamai Gazali da Shaɗibi sun yarda da shi ne idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar ta gaske ce.

Lauya Mai Rawani: Allah ya ƙara sani, Malam. A aikace, sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi cikin doka ba. Shi ya sa Zamfara a 2000 sai da majalisarta ta rubuta haddi a kundi kafin alƙalai su yanke shi. Inda mutane ke rufta kansu shi ne auren rajista: a sa hannu don neman biza, ba a san dokarsa ta hana ƙara aure ba, sai an zo rabon gado rigima ta tashi.

Ummu Hafsa: Batun shirka, aya ta 44 a Ma'ida suke kawowa, wadda ta kira waɗanda ba su yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba kafirai. Mai yanke hukunci take nufi, ba direba ba, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas cewa kafirci ne ƙarami wanda ba ya fitar da mutum daga Musulunci. A bar wa malamai wannan babin, Ɗan Fagge, kai dai ka sabunta lasisinka.