Wai ƙirga takardu ne kawai hanyar auna binciken malamin jami'a?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Ni sabuwar lakcara ce, kuma abin da na lura shi ne duk maganar ƙarin girma a kan abu biyu take tsayawa, takarda nawa ka buga, a wace mujalla. Ba mai tambayar me ke ciki ko wa ya amfana. Mutum zai yi shekaru yana aiki da ma'aikatan lafiya ya warware musu matsala ta gaske amma a fom ɗin ko layin da zai rubuta hakan babu. Wai haka ake yi ko'ina ne? Akwai inda aka gyara tsarin kuma ya yi aiki?

Malam_Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malama. Kusan ko'ina ne, kuma an daɗe ana kuka da shi. Kin ga wannan imfak fakta da ake ta ji da shi, wato makin da ake ba mujalla, wani masani Ba'amurke Eugene Garfield ne ya fito da shi, kuma asali don masu kula da laburare ne su san mujallar da za su saya. Lissafinsa kawai sau nawa aka ambaci takardun da mujalla ta buga a shekara biyu da suka wuce, a raba da yawan takardun. To mujalla yake aunawa ba ke ba, kuma sau da yawa 'yan takardu kaɗan ne ke kwashe yawancin ambaton, sauran suna raɓe ne kawai suna cin albarkacin sunan. Shi ya sa a 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar DORA, cewa a daina auna mutum da makin mujalla. A 2022 aka yi yarjejeniyar CoARA a Turai a kan magana ɗaya. Jami'ar Utrecht ta Holan ma tun 2021 ta ce ta ajiye imfak fakta wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Sa hannu dai ba wuya, aiwatarwar ce aiki.

Abu_Sadiq:
Ni abin da ya fi damuna ɓarnar da ƙirgan ya jawo wallahi. Da zarar ka ce wa mutane adadi za ka duba to adadi za su kawo maka, bincike ɗaya a yayyanka shi ya zama takarda huɗu, ka sa sunana in sa naka, ga mujallun bogi da za ka biya yau su buga maka jibi ba wanda ya karanta. A 2023 kaɗai sama da takardu 10,000 aka janye bayan an riga an buga su, mafi yawa daga mujallun wani kamfanin ɗab'i mai suna Hindawi. Ƙasar Sin da jami'o'inta ke ba malamai ladan kuɗi a kan kowace takarda sai da gwamnati ta hana a 2020 da ta ga inda abin ya dosa.

Tsohon_Malami:
'Ya'yana ku bi a hankali. Ban ce ƙirga yana da kyau ba, amma ku tuna dalilin da ya sa aka rungume shi. In ka cire lamba ka ce kwamiti ya zauna ya duba inganci, su wa ke kwamitin? Yaron da ba shi da uban gida, ko wanda ya taɓa yi wa shugaban sashe musu a taro, takardunsa goma sha biyu su ne garkuwarsa, ba mai iya cewa bai buga ba. Sannan wannan amfani ga al'umma da kuke faɗa, yaushe za a auna shi? Masaniyar kimiyya Katalin Karikó an rage mata matsayi a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike a kan mRNA, wato sinadarin da ke kai saƙo cikin ƙwayar halitta, takardar da suka yi da abokin aikinta Drew Weissman ta fito 2005, sai da korona ta zo duniya ta ga amfaninta wajen haɗa allurar rigakafi, suka karɓi Nobel a 2023. Da an tambaye ta a 1998 wa ya amfana, me za ta nuna? Balle mai binciken lissafi zalla ko tarihi.

Malam_Kimiyya:
Ranka ya daɗe maganarka gaskiya ce, son kai ba ƙaramin haɗari ba ne. Amma ƙirgan ma ai bai ceci Karikó ba, ma'aunin kuɗi da lamba ne ya kayar da ita. Birtaniya ta gwada tsaka-tsaki a tsarinta na auna binciken jami'o'i da ake kira REF, tun 2014 suka sa tasiri ga al'umma kashi 20 cikin ɗari, a 2021 ya koma 25, kuma sashe ake aunawa gaba ɗaya ba mutum ɗaya ba, don haka ba dole kowa ya nuna tasiri ba, kuma ana yarda a kawo binciken da aka yi shekaru da yawa baya. Yana cin kuɗi da lokaci sosai, malamansu na ƙorafi kam. Ni abin da nake goyon baya shi ne mutum ya zaɓi ayyukansa uku zuwa biyar da ya fi alfahari da su ya yi bayanin me suka ƙara, a tura wa masana na wata jami'a su karanta da gaske su rubuta dalilinsu, kuma a ba shi damar ɗaukaka ƙara.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na fahimci tsoronka, ni kaina ba ni da kowa a sama. Amma Malam, masu karantawar na waje wa zai zaɓe su? In shugaban sashe ne shi kaɗai to mun koma inda Baba ya ce. Ina son in kai maganar nan taron sashenmu, wanda ya san yadda ake zaɓen su a inda aka gwada don Allah ya yi mana bayani.