Sababbin littattafan mata, da neman shawara kan littafina na farko

Ummu Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, fatan kowa yana lafiya. Dan Allah abu biyu ne ke tafe da ni. Na farko ina neman wacce za ta nuna min inda zan samu sababbin littattafan mata masu ma'ana, don wallahi waɗanda ke zuwa min a waya kwanan nan duk kusan hanya ɗaya suke bi, saurayi ɗan mai kuɗi mai girman kai wanda baya dariya, yarinya 'yar talakawa fara mai dogon gashi, a yi auren dole su tsani juna daga baya su dawo suna mutuwar so, kafin na kai rabi na riga na san ƙarshe. Ban ce babu masu kyau ba, nidai ban san inda ake samunsu ba.

Na biyu kuma shi ne ya fi damuna, ni ma na fara rubuta nawa. Labarin wata mata ce a Gusau mijinta ya rasu ya barta da 'ya'ya, tana cikin takaba 'yan'uwan mijin suka taso a kan gidan da take ciki. Farkon ya tafi min lafiya lau amma da na zo tsakiya sai na tsaya cak, na rasa me zai faru kuma. Ƙawayena suna ta cewa na fara sakinsa shafi shafi a WhatsApp wai masu karatu ne za su ƙara min ƙarfi, ni kuma zuciyata bata kwanta ba. Sannan ni Bazamfariya ce, in rubuta da Hausarmu ko sai ta Kano? A taimaka min da shawara, Allah ya saka da alheri.

Hajiya Maman Sadiƙ:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi miki jagora. Na ji daɗin labarin da kika ɗauko sosai, kuma tun daga yadda kika faɗe shi na hango inda kika maƙale, kin ce ya barta da 'ya'ya amma baki ce maza ne ko mata ba. To duk littafinki a nan yake. In akwai ɗa namiji ko guda ɗaya ne a cikinsu, ƙannen mamaci da yayyensa ba su da ko sisi a gadon, duk abin da za su yi zalunci ne tsagwaronsa kuma alƙali zai kore su. In kuwa mata ne zalla, biyu ko fiye, kashi biyu cikin uku za su ɗauka, matar ta ɗauki tumuni wato kashi ɗaya cikin takwas, in uwarsa na raye ta ɗauki sudusi wato kashi ɗaya cikin shida, ragowar ta faɗa hannun 'yan'uwansa. Kinga a nan suna da haƙƙi na gaskiya a cikin gidan, ba za ki iya maida su shaiɗanu kawai ba, kuma labarin ya fi daɗi a haka don kowa yana da hujjarsa.

Yanzu ki ɗauka 'ya'yan nata mata ne su uku, kuma ya rasu ya barta da ƙaramin ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a raba gado sai an haihu, takabarta ma ba wata huɗu da kwana goma ba ce, sai ranar da ta sauka. Ki duba watannin nan da kowa zai zauna yana jiran abin da ke cikin nan, ƙanin miji da ya riga ya ci bashi da sa ran kasonsa, matarsa da take shigowa da kwanon abinci kullum tana kallon cikin ta gefen ido, uwar miji da ke tsakanin jikokinta da ɗanta, ita kuma mai takabar da likita ya tambaya ko tana so a faɗa mata namiji ne ko mace ta rasa amsar da za ta ba shi. Ban ce lallai haka za ki yi ba, naki ne, ina nuna miki ne cewa sau da yawa in aka tsaya a tsakiya ba basira ce ta ƙare ba, sanin abin da ake rubutu a kai ne bai isa ba. Ki je wajen malamin da ya san gado ki zauna da littafinki da biro, ki samu tsohuwar da ta yi takaba ki tambaye ta yadda ranakun suke, me take ci, wa ke shigowa, ranar fita me aka yi mata. In da hali ki shiga kotun shari'a ki zauna a baya ki ji yadda ake shari'ar gado, maganar da za ki ji a bakin mutane a wurin ba mai iya ƙirƙirarta.

Batun saki shafi shafi kuwa ni ban goyi baya ba a littafin farko. Mu da muka yi zamanin bugawa, sai ka gama rubutunka kaf a littafin makaranta, ka ba wani ya duba, a buga a na'ura, a sake dubawa, sannan a kai maɗaba'a a raba shi na ɗaya na biyu na uku a kai wa 'yan kasuwa a Kano. Akwai wahala amma kafin ya isa hannun mai karatu an wanke shi. Abin da kika saki a waya ya tafi kenan, in kika zo babi na goma kika gane ya kamata a ce uwar mijin tana raye alhali kin kashe ta a babi na biyu, ya za ki yi?

Kuma kar ki raina irin labarin nan don babu motoci da jiragen sama a ciki. Hajiya Hafsat Abdulwaheed da littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa, rayuwar Fulani da ta sani ta rubuta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu matar da miji ya kora da 'ya'yanta ta rubuta a Alhaki Kuykuyo Ne, kuma shi ne aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Zee Kaduna:

Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki ta gado wallahi ni kaina na ƙaru. Amma a batun sakin nan ina da ɗan ja. Ni da ba don masu karatu ba da har yau ban gama ko ɗaya ba, don in ka san akwai mutane suna jiranka ƙarfe takwas na dare dole ka zauna ka yi taifin ko baka so, ga yara ga girki ga aiki, in ba wannan matsin ba littafin sai ya shekara a ajiye. Kuma yanzu gaskiya kasuwar bugawa ta ja baya, takarda ta yi tsada, masu karatun duk sun koma waya, to in bata fara tara mutanenta ba wa zai saya ranar da ta gama?

Inda na yarda da ke shi ne masu karatu suna iya karkatar da labari. Za ki kashe wani su yi ta kuka a kwamen wai a dawo da shi, za ki ga tauraruwarki ta yi kuskure irin na ɗan Adam su yi ta zaginta har ke ma ki ji tsoro ki maida ta waliyya, to labari irin na Ummu Hanifa in aka biye musu ƙanin mijin nan sai sun sa ya haukace ko mota ta taka shi. Shawarata ki bi tsakiya, ki rubuta ki yi nisa sosai kuma ki san ƙarshenki ki rubuta shi a gefe ki ajiye, sannan ki fara saki kina gaba da su da babi da yawa. Kuma wannan na farkon ki bar shi kyauta, kar ki yi gaggawar cewa shafukan kyauta sun ƙare a biya ta akawun, ba a sanki ba tukuna.

Ki shirya wa sata kuma. Za ki wayi gari ki ga an haɗa miki littafi a dokumen ana yawo da shi an cire sunanki, ko wani ya karanta shi a odiyo ya ɗora yana samun kuɗi ko sallama bai yi miki ba, ni an yi min kuma ya yi min ciwo matuƙa. Ki riƙa sa sunanki a farko da tsakiya da ƙarshen kowane shafi, ki ajiye asalin rubutun a imel ɗinki ba a waya kaɗai ba. OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu an rufe shi a 2023, don haka kar ki dogara da manhaja ɗaya.

Sababbi kuma, ki leƙa Wattpad da ArewaBooks amma sai kin tona, na saman nan da suka fi yawan masu karatu su ne irin waɗanda kike gudu. Inda na fi samun abin da ke taɓa ni shi ne labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta mata ce zalla, tun 2016 ake yi, wadda ta fara ci Aisha Muhammad Sabitu ce da labarin Sansani a kan 'yan gudun hijira. Ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, in kika ji wadda alƙalaminta ya burge ki sai ki bi sunanta, da yawansu suna da dogayen littattafai. Ke ma ki gwada shiga, kalma 1000 zuwa 1500 ake nema, zai koya miki yanke surutu.

Nana ta Maraɗi:

Sallama gare ku. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, amma batun Hausar nan ya sa na kasa yin shiru. Dan Allah 'yar'uwa kar ki sa tsohuwar Gusau ta buɗe baki ta yi magana kamar 'yar Fagge. Mu nan duk littafin da ya zo mana Hausar Kano ce, muna karantawa muna fahimta ba matsala, amma ranar da na ci karo da wanda wata tsohuwa a ciki ta ce "ɗiyata mi ya same ki, taho nan ki hwaɗa min" sai da na ajiye wayar na yi hawaye don muryar kakata na ji. Bayanin labari ki yi shi da daidaitacciyar Hausa kowa ya gane, maganar mutane kuma ki bar kowa da bakinsa.

Abin da ke sa na bar littafi tun a shafin farko: a ɓata layi ashirin ana siffanta falo da kujeru da labule, ko rabin magana Turanci ne, mu da Faransanci muka yi a lakwal sai mu yi ta tsallake. Sai batsa, wadda ta yi yawa yanzu har mutum baya iya barin wayarsa a hannun ƙanwarsa. Labarin mai takaba ina jiransa, mahaifiyata ta yi kuma na ga abin da ta gani.

Ummu Hanifa:

Kai jama'a na gode, Allah ya biya ku. Hajiya wallahi jikina har rawa yake, mata ne 'ya'yan a yadda na tsara amma ban taɓa kawo batun ciki a raina ba, kuma akwai malamin Islamiyyarmu da yake raba gado zan same shi. Anti Zee zan bi shawararki na yi nisa tukuna. Nana Allah ya saka wa mama, in sha Allah Inna ta cikin labarin da Zamfarci za ta yi magana. Tambaya ɗaya ta rage, in na gama wa zan ba ya duba min? Mijina ya karanta farkon ya ce ya yi kyau, ƙawayena ma haka.

Hajiya Maman Sadiƙ:

Maigida da ƙawaye suna sonki ne, ba za su faɗa miki inda ya yi rauni ba. Mutum uku kike buƙata. Malamin nan ya duba miki duk inda hukunci ya shigo, don kuskure ɗaya a rabon gado zai zubar da darajar littafin a idon wanda ya sani. Sai malamin Hausa, ko na sakandare ne, ya bi miki ƙa'idar rubutu, inda ake haɗewa da inda ake rabawa da haruffa masu lanƙwasa, ki sa allon rubutun Hausa a wayarki tun yanzu ya rage masa aiki. Na ukun mai karatu irin Nana wadda bata sanki ba, ki ce ta sa miki alama a duk inda ta ji ta fara gajiya ko ta tsallake, kar ki yi mata musu ko ki ce ai abin da nake nufi kaza ne, ki karɓa kawai ki je ki duba wurin.

Kafin ki ba su, ki ajiye shi ya huce na 'yan makonni sannan ki karanta da ƙarfi kina jin kanki, duk maganar da harshenki ya yi tuntuɓe a kanta ki sani ba haka mutane ke faɗa ba, ki gyara. Ƙungiyar marubuta ta ANA tana da rassa a jihohi, ki tambaya ko ana zaman karatu kusa da ke ki riƙa zuwa da babi ɗaya. In kuma daga baya kin yi niyyar bugawa ki sayar a Kano, akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar da littattafai ke bi ta hannunta, ki nemi sanin ƙa'idarsu kafin ki kai maɗaba'a ba bayan kin kashe kuɗi ba. Babin da matar ƙanin mijin za ta fara shigowa da kwano, in kin rubuta ki turo min ta akwatin saƙo ina so na gani.