An ɗaure ɗan'uwanku da shaidar wanda aka yi laifin da shi? Ku faɗa mana yadda ɗaukaka ƙara ta kaya

Ƙanwar ɗaurarre:
Assalamu alaikum. Kotu ta samu yayana da laifin kisan kai. Ba wanda ya gan shi a wurin, ba a kuma samu makami a hannunsa ba. Abin da ya kai shi ƙasa maganar mutum ɗaya ce, wanda ya amsa da bakinsa cewa da shi aka yi, daga baya aka janye tuhumar da ake masa ya koma shaidar gwamnati. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu haske.

Wani uba:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah Ya kawo mafita. Kada kuka ya cinye muku lokaci. A Najeriya kwana 90 ake bayarwa daga ranar hukunci a shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Mu sai da ya wuce muka farga, dole lauya ya fara roƙon ƙarin lokaci. Ku nemi kundin shari'ar tun yanzu. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara galibi ba sa sake kiran shaidu, abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi suke karantawa.

Lauya, na taɓa riƙe irin wannan:
Gaskiya ne, Baba. Ƙanwata, ki sani doka ba ta hana a ɗaure mutum da shaidar abokin laifi kaɗai ba. Sashe na 198 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da ita, amma ya ɗora wa alƙali ya gargaɗi kansa cewa dogaro da ita ba tare da wata hujja ba yana da haɗari. Abin da na fara nema a hukuncin ke nan: ya yi gargaɗin ko bai yi ba?

Sai kuma abin da aka kira hujja mai ƙarfafawa. A tamu shari'ar rahoton likita aka kawo, da hoton gawa. Waɗannan sun nuna an yi kisa, ba su nuna wa ya yi ba. Tun 1916, a shari'ar Baskerville a Ingila, aka ce dole hujjar ta fito daga wani wuri daban, kuma ta haɗa wanda ake tuhuma da laifin. Wanda aka yi abin da shi ai zai iya zayyana komai daidai, ya sauya suna ɗaya kawai. A kan wannan muka tsaya, aka kuma rushe hukuncin.

Matar wani ɗaurarre a Amurka:
'Yar'uwa, ku tono abin da aka yi wa shaidan alkawari. A nan, tun shari'ar Giglio ta 1972, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya bayyana duk sassaucin da ya yi wa shaidarsa alkawari. Wanda ya ba da shaida a kan mijina ya rantse ba a ce za a ba shi komai ba, sai ga takardar yarjejeniya ta fito. An ba da umarnin sake shari'ar, muna jira.

Wata uwa:
Ni ban yi nasara ba, kuma gara ki ji. Yaron da ya ambaci ɗana ya dawo ya ce ƙarya ya yi, muka ɗauka an gama. Kotu ta ce wanda ya sauya magana ba a san wacce za a kama ba, kuma alƙalin farko shi ya ga shaidan da idonsa. Abin da ya fi ci mini rai, lauyanmu na farko bai titsiye shi da tambaya kan janye tuhumarsa ba, don haka babu komai a kundin. Yanzu mun kai ƙarar Kotun Ƙoli.

Ƙanwar ɗaurarre:
Mama, Allah Ya fito da shi. Barista, mutum biyu ne aka kama tare da shaidan, ɗayan ya ambaci yayana a bayaninsa na 'yan sanda amma bai maimaita a kotu ba. Alƙali ya lissafa wannan cikin hujja. Ya halatta?